Kadan da Na Saka a Rijiya

Sana'ata yasar rijiya. Ita na gada, ita ta karya min ƙafar hagu, ita ta ciyar da ni har na tsufa. Ban yi boko ba. Ɗan rubutun nan a ajin manya na tsince shi bayan gemu ya yi fari. Adon magana ba zan iya ba. Abin da ya faru zan faɗa.

Ƙauyenmu ba shi da nisa da Dutse. In gari ya washe kana hango duwatsun daga bakin gonaki. Rijiya ɗaya gare mu, ta kankare, a tsakiyar gari. Akwai famfon tuƙa-tuƙa, amma ya daɗe da mutuwa, awaki ake ɗaurewa a jikinsa.

Shekarar da ruwa ya yi mana yawa, ambaliya ta shigo daga fadama ta kai mana gwiwa, ta yi kwana uku a cikin gari. Katangu suka zube, rumbuna suka kwanta. Duk wani masai da ke garin ya cika ya tumbatsa. Ruwan ya haye bakin rijiyar ya shige ciki. Da ya janye, na je na zura guga na ɗebo, na kai hanci. Na san warin rijiya. Wadda mushe ya faɗa daban, wadda ganye ya ruɓe a ciki daban. Wannan warin bayan gida ne.

Na je wurin mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, rijiyar nan ta ɓaci."

"To ka yashe ta mana. Ba aikinka ba ne?"

Na ce masa yasa da guga aikin rani ne, lokacin da ruwa ya yi ƙasa. Yanzu a cike take fal, ƙasa kuma ta sha ruwa, duk abin da ka ɗiba za ta mayar kafin ka juya. Sai an kawo inji ya zuƙe ta gaba ɗaya, in shiga in kwashe laka in toshe inda take yoyo, sannan a zuba magani.

Ya ce za a kai magana sama. Na san irin wannan saman. Tun ina saurayi ake kai magana can, ban taɓa ganin wadda ta sauko ba.

Mata suka ci gaba da ɗiba, don babu wata. Su tace da tsumma su zuba a randa. Tafasawa sai da wuta, itace kuwa da kara duk sun jiƙe sharkaf. Ruwan leda na masu hali ne.

A gidana akwai jikata, 'yar ɗana da ya tafi cirani Kudu ya bar ta da uwarta a hannuna. Lokacin ba ta wuce shekara biyar ba. Amarya nake ce mata, irin wasan kaka da jika. Ita kuma ta murguɗa baki ta ce, "Ni ba na son miji gurgu." In ce, "Gurgun ne zai saya miki alewa." Ta ce, "To kawo, amma ban yarda ba." Duk duniya ita kaɗai ke min haka in yi dariya.

Ba a yi sati ba yara suka fara amai da gudawa. Gidan maƙwabcina aka fara, sai na bayansa.

Ana haka aka aiko cewa 'yan jarida za su zo daga Dutse su ga ɓarnar ruwa. A nan muka yi wautarmu, kuma mu kaɗai za mu iya yin irinta. Mu jikokin makiyaya ne. Shanun sun tafi, kunyar ta zauna. A wurinmu baƙo ba ya ganin tsiraicin gida, kuma namiji ba ya kuka da halinsa a gaban wanda bai sani ba. Mai unguwa ya sa aka yi shela. Aka yi gayya tun safe, aka kwashe ɓaraguzan katangu, aka kafa zana a inda suka zube, aka share gari tas. Aka ce kowa ya sa rigarsa ta Juma'a. Yaran da ke kwance kuwa a bar su a ɗaka, don cutarsu ba ta faɗuwa a gaban baƙi.

Suka iso da hantsi a farar mota. Babbansu wani matashi ne mai tabarau, da abin ɗaukar magana a hannu, sai mai kyamara a bayansa. Aka shimfiɗa musu tabarma, aka kawo fura. Suka yi godiya, ba su sha ba. Kowannensu ya zaro ruwan gora daga jakarsa. Ina kallonsu. Babu wanda ya tambaya mu me muke sha.

"Ranka ya daɗe, gida nawa ya rushe?" in ji mai tabarau.

"Alhamdulillahi, abin ya zo da sauƙi," in ji mai unguwa.

"An rasa rai?"

"A'a, Allah ya kiyaye."

Mai kyamara ya waiga hagu ya waiga dama, ya ga gari a share. Ya ce, "Oga, nan fa ba abin ɗauka."

Na ja ƙafata na matso. Na ce, "Ɗana, zo ka ga rijiya." Mai unguwa ya harare ni. Ban kula shi ba. Mai tabarau ya biyo ni, ya leƙa daga nesa, ya ce, "Ai a cike take, Baba. Wasu garuruwan nema suke."

Na buɗe baki zan ce ya matso ya sansana, sai ihu ya tashi daga kududdufin bayan gari. Kada! Ambaliya ce ta kwaso shi daga kogi ta yar a nan, ya fito shan hantsi. Kafin in rufe bakina babu kowa a bakin rijiya sai ni. Har mai unguwa da babbar rigarsa, gudu yake yi zuwa kallo.

Na gan shi daga baya. Bai kai tsawon tabarmar salla ba.

Washegari rediyo ta ɗauka. Da safe kada, da rana kada, da yamma a buɗe layi jama'a su bugo waya a kan kada. Kullum tsawonsa ƙaruwa yake yi. Wani ya bugo ya ce ya haɗiye tunkiya. Wani ya ce ba kada ba ne, aljani ne. Aka kawo wani mai ilimin dabbobi ya yi ta bayani a kan haƙoransa. Samari daga unguwannin Limawa da Yalwawa na Dutse suka riƙa zuwa a kan babura, kowa da waya a sama. Masu rake da masu awara suka kafa kasuwa a bakin kududdufi. Motocin hukuma da ba su taɓa sanin hanyarmu ba suka zo da masunta da mafarauta, har da wani kwamiti.

Wannan duka bai ci min rai kamar mutanen garinmu ba. Da la'asar na wuce dandali, na tarar da su sun kewaye rediyo, ana musu ko kadan mace ne ko namiji. Mai ɗaga murya fiye da kowa maƙwabcina ne, wanda ɗansa ke kwance yana zuba kamar an buɗe tulu.

Na ce, "Yaya mai jiki?"

Ya ce, "Da sauƙi. Kai, ka ji an ce an faɗi sunan garinmu har a Kano?"

Mutumin nan ba mugu ba ne. Yana son ɗansa. Amma abin da akwatin nan ya faɗa shi ne magana a wurinsa, abin da ke cikin ɗakinsa kuwa kamar ƙaddara ce kawai da ba a tattaunawa. Da rediyo ta ambaci rijiya sau ɗaya, da shi ne zai fara tara mutane. Ba ta ambata ba. Sai kowa ya ɗauka rijiya damuwar gurgu ce shi kaɗai.

Bayan 'yan kwanaki kadan ya ɓace. Na ce to, yanzu hankali zai dawo. Ina! Sai aka koma sabon zance: ina kada ya shiga?

A satin nan aka binne wata tsohuwa da wani jariri. A satin nan kuma amaryata ta kwanta.

Yini ɗaya idanunta suka faɗa. In ka tsunkuli fatar cikinta ta tsaya a tsunkule. Na ce mata, "Amarya, ga gurgu ya zo." Ba ta murguɗa baki ba. Ko kallona ba ta yi ba. Na goya ta da kaina, uwarta na biye, muka ratsa taɓo zuwa ɗakin shan magani na garin gaba. Aka yi mata ƙarin ruwa, ta farfaɗo. Mai maganin ya ce, "Baba, ciwon nan a rijiyarku yake. In ta koma ga ruwan nan za ta sake kwantawa, kuma ba kullum ake tashi ba."

Da muka dawo gida na ɓalle ƙyauren ɗakina, shi ne kaɗai busasshen itace da na mallaka. Na faskara shi, na ce wa uwarta ta riƙa tafasa mata ruwa da shi, ita kaɗai. Na duba tarin. Ba zai wuce kwana huɗu ba.

Da safe na cika gora da ruwan rijiyar, na hau acaɓa sai Dutse, gidan rediyon da ke ta zancen kada. Maigadi ya dubi ƙafata ya dubi rigata ya ce ba a bara a nan. Na ce ba bara na zo ba. Ya nuna min gindin wata bishiya. Na zauna har rana ta take. Sai ga mai tabarau ya fito, yana danna waya.

Na tare shi. Na faɗa masa komai a taƙaice. Na miƙa masa gorar. Bai karɓa ba.

"Mutum nawa suka mutu?"

"Biyu. Tsohuwa da jariri."

"Likita ya tabbatar da abin da ya kashe su?"

"Mun binne su."

Ya yi ajiyar zuciya kamar ni na ɓata masa lokaci. "Baba, ka yi haƙuri. Amai da gudawa duk damina ana yi. Ba sabon abu ba ne. Ko na rubuta oga ba zai saka ba, mutane sun gaji da jin sa. In abin ya yi yawa ka dawo."

"Yawa nawa kake so?"

Ya juya zai tafi, sai ya tsaya ya sake dubana. "Af! Baba, ba daga garin kada kake ba? An sake ganinsa?"

Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma a garinmu in ana rikicin iyakar gona ni ake kira, don an san ba na ƙari. Na dubi gorar da ke hannuna. Na tuna tarin itacen ƙyaure.

Na ce, "Yana cikin rijiya."

Mutumin da bai iya tsayawa ya saurare ni ba, shi ne ya ruga ya ɗauko min kujera da hannunsa. "Zauna, Baba, zauna. A kawo wa Baba lemo mai sanyi!" Maigadi ya dawo yana ce min ranka ya daɗe. Aka kanga min abin ɗaukar magana a baki.

Ƙarya ma sai da sanin aiki. Na ce ambaliya ta haye bakin rijiyar, wannan gaskiya ne. Na ce a ƙasanta akwai kogo inda kankare ya rabu, wannan ma gaskiya ne, ni na san shi. Sannan na ce na ga bayansa ya taso ya nutse. Mai tabarau ya ce yaya za a yi a fito da shi. Na ce hanya ɗaya ce, a zuƙe ruwan kaf.

Kafin in isa gida muryata ta riga ni.

Washegari da hantsi motoci suka cika gari. Injin da aka ce sai magana ta je sama, ga shi a bayan akori-kura, har guda biyu, da tiyo da mai. Mai unguwa ya ja ni gefe.

"Tsakaninka da Allah, ka gan shi?"

"Ranka ya daɗe, ka taɓa jin na yi ƙarya?"

"Ban taɓa ba."

"To je ka tari baƙinka."

Aka tayar da inji. Da farko ruwan ya fito ja-ja, daga baya ya koma baƙi. Wari ya tashi. Masu ɗaga waya suka koma toshe hanci da hannu ɗaya. Mai tabarau ya ɗaure fuskarsa da hankici, yana faɗa wa abin maganarsa cewa ana dab da ganin kada.

A cikin tawagar akwai wata malamar asibiti da aka taho da ita ko kada zai ciji wani. Kirista ce, Hausarta irin ta mutanen Filato. Ita kaɗai ce ta bar kallon rijiya ta kalli abin da ke fitowa daga tiyo. Ta zo ta tsaya a gabana.

"Baba, wannan ruwan kuke sha?"

"Shi."

"Tun yaushe?"

"Tun ambaliya."

"Ina yaranku?"

Na nuna mata gidaje da sandata. Ta shiga ba sallama. Ta jima. Da ta fito ta nufi manyan da suka zo da ita, tana faɗa da ƙarfi har ta rufe ƙarar inji. Ban ji duka ba, rabi da Turanci take yi. Na ga dai mai kyamara ya juya mata baya, don kar ta shiga hoton rijiya.

Ruwa ya yi ƙasa, sai laka. Aka ce wa zai shiga. Masunta suka ce su a kogi suka san kada. Mafarauta suka ce su a tudu. Na tuɓe rigata, na ɗaura igiya a ƙugu, na ce a sauke ni. Jama'a suka yi ta kabbara, wai tsoho ya sadaukar da ransa.

Na sauka na kama aikina. Laka ta kai min cinya, da tsummoki da takalma da abin da ba zan rubuta ba. Na riƙa cika guga.

"Baba, ka gan shi?" in ji mai tabarau daga sama.

"Tukuna! Ya shige laka. A ja guga!"

Suka ja. Samarin Limawa masu fararen takalma, da 'yan kwamiti, da maƙwabcina, duk suka yi layi suna jan lakar masai har la'asar. Tun da nake yasa ban taɓa samun masu jan guga irin na ranar ba. Na lalubo inda kankare ya rabu, ta nan ƙazantar ke tsiyayowa. Na yi kira a zuro min siminti da tsakuwa, na ce zan toshe masa hanyar gudu. Aka zuro da sauri. Na liƙe wurin da kyau.

Da na ga farin yashi a ƙarƙashin ƙafata, ruwa mai kyau ya fara tsattsafowa, na ce a ja ni.

Na fito, laka har wuya. Mai tabarau ya matso.

"Ina kadan?"

"Babu."

"Ya gudu?"

"Bai taɓa shiga ba."

Mai tabarau ya cire hankicin fuskarsa. "Baba, da girmanka? Ka yaudare mu? Ka san mutum nawa ke sauraronmu?"

Na ce, "Na kawo maka gaskiya a gora, ka ƙi karɓa."

"Ka zubar mana da mutunci!"

"Ɗauki hoton lakar. Ita muke sha."

Bai ɗauka ba. Suka naɗe wayoyinsu suka shiga mota. Wani daga cikin samarin ya jefe ni da ɓawon rake.

Da yamma rediyo ta ce wani dattijo ya ruɗi jama'a da hukuma da labarin ƙarya, aka buɗe layi a kan lalacewar tarbiyya har a wurin tsofaffi. Masu bugowa suka yi ta tsine min. Rijiya ba a ambace ta ba sai a matsayin wurin da babu kada. Yara ba a ambace su ba sam. Bayan kwana biyu wasu 'yan siyasa suka yi cacar baki, aka koma kansu, aka manta da mu.

Malamar asibitin ce ta dawo washegari a kan acaɓa, ita kaɗai, da farin maganin rijiya da ƙullin gishiri da sukari na yara. Ta zuba, ta ce kada a sha sai gobe. Ta dube ni ta ce, "Baba, kai mugun mutum ne." Tana dariya ta faɗa. Ban ji sunanta a rediyo ba ko sau ɗaya.

Ɗan maƙwabcina bai kai ga maganin ba. An binne shi ranar da aka zuba. Uban bai sake yi min maganar kada ba, bai kuma yi min maganar rijiya ba. In mun haɗu sai ya sunkuyar da kai.

Mai unguwa ya ce na kunyata gari a idon duniya. Ya daina amsa gaisuwata har ya bar duniya. Da rani ya zo aka yi rikicin iyaka tsakanin wasu 'yan'uwa biyu, gonar da na san iyakarta tun kakansu na raye. Na tashi zan yi magana, sai ɗayansu ya ce, "Wa zai ba da shaida? Wanda ya ga kada a rijiya?" Aka yi dariya. Na koma na zauna. Tun daga ranar ba a sake kirana shaida ba. Yara in na wuce su ce, "Baba, ina kadanka?" Iyayensu na ji, ba sa tsawata musu. Ruwan kuwa duk suna sha.

Na nemi gafarar Allah a kan ƙaryar. Ta 'yan jarida ban nema ba, ba kuma zan nema ba. Rediyona na rataye a ƙusa, batirinsa ya daɗe da zubewa a ciki. In na wuce dandali na ji ana musu da ɗaga murya, na san ba a kan abin da ke cikin gidajensu ba ne.

Itacen ƙyaure ya ƙare daidai ranar da aka buɗe rijiya. Har yau labulen buhu ne a ƙofar ɗakina.

Amaryata ta tashi. Yanzu ta yi tsawo, tana zuwa makaranta, ita ke gyara min in na rubuta harafi a juye. Rannan ta dawo ta tsaya a bakin labule, hannu a ƙugu.

"Tsoho, an ce kai maƙaryaci ne. Ni fa ba na son miji gurgu kuma maƙaryaci."

"To nemi wani."

"Da gaske ka ga kada a rijiya?"

Na ce, "Ɗebo min ruwa."

Ta je randa ta ciko moɗa ta kawo. Na kai hanci tukuna, sannan na sha.